Sunan Gunki a Jikin Alƙalami: Ina Haɗarin Yake?

A ƙasar Italiya akwai kamfanin Visconti, wanda tun shekarar 1988 yake ƙera alƙaluma masu tsada. Cikin kayansa akwai jerin da ake kira Mirage Mythos, inda kowane alƙalami yake ɗauke da sunan ɗaya daga cikin allolin Helenawan dā, kamar Zeyus, Afolo da Atina. Masu hannu da shuni sukan tara irin waɗannan alƙaluma su adana, waɗansu ma ko tawada ba a taɓa zuba musu ba.

A ce wani saurayi ya gama karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, kawunsa ya aiko masa da guda daga Turai. Da uwar ta ji ma'anar sunan, sai ta ce a ƙone shi, gama suna linzami ne. Uban kuwa ya ce ai biro ne kurum. Wa yake da gaskiya?

Tsoron uwar ba na banza ba ne. Zeyus ɗin nan shi ne Zafsa na Ayyukan Manzanni sura 14. Sa'ad da mutanen Listira suka laƙaba wa Barnaba wannan suna, har firist ya kawo bajimai domin hadaya, Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu, suka hana. Inda aka nufi sujada, manzanni ba su sassauta ba.

Amma a sura 28, Bulus ɗin nan ya bar tsibirin Malita cikin jirgin ruwa mai alamar Tagwaye, waɗanda Helenawa suke ɗauka 'ya'yan Zafsa ne, masu tsaron matuƙa. Bai ƙi shiga ba, domin dogararsa ba ga sassaƙen da ke goshin jirgin take ba. Ya kuma koya wa Korintiyawa cewa gunki ba kome ba ne, Allah ɗaya ne. Ko a kasuwar Keffi ana sayen takalma masu tambarin Nike, sunan allahiyar nasara ta Helenawa, ba wanda ya rusuna mata. Ciwon idon nan da ake kira afolo ma daga kumbon Apollo 11 na 1969 ya samo suna.

Ashe haɗarin a zuciya yake. Yaron da ya shiga ɗakin jarrabawa da biron da aka yi wa addu'a, yana gaskata cewa biron ne zai ba shi nasara ko bai yi karatu ba, ya mai da shi laya, ko da babu sunan kowa a jikinsa. Haka kuma mutumin da ya tara alƙaluma goma a akwati alhali an koro ɗan maƙwabcinsa saboda kuɗin makaranta. Kolosiyawa 3:5 ta lasafta kwaɗayi cikin bautar gumaka. Irin wannan gunki ba ya bukatar sunan Helenanci.

Duk da haka gaskiyar uban ba ta gama magana ba. A 1 Korintiyawa 8, Bulus ya zaɓi ya bar cin nama gaba ɗaya da ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa mai raunin lamiri. Saboda haka ya kamata iyalin su zauna, su buɗe Littafi Mai Tsarki tare, a bayyana wa uwar cikin ladabi. In hankalinta ya kwanta, saurayin ya zuba tawada ya yi aiki da shi da godiya. In bai kwanta ba, ya rabu da alƙalamin ba tare da gunaguni ba. 'Yancinsa bai ragu ba, salamar gida kuwa ta fi kowace kyauta daraja.