Haƙuri Ne Ko Tsoro?

Hausawa kan ce haƙuri maganin zaman duniya. To, amma talakan da ake zalunta ya yi shiru, haƙuri ya yi ko tsoro?

A 1950 mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, amma ba su yi shiru ba. Sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Shekara 29 ke nan ana gwagwarmaya.

Ashe haƙurin da magabata suka yaba shi ne jure wahalar neman haƙƙi. Saboda haka idan manomin Dagauda ko ɗan kasuwar Azare ya tambayi shugabanni inda kuɗin jama'a suka shiga, kada a kira shi marar kunya. Amana ya sauke.