Tsohon Agogon Aljihu: Ganima Ko Amana?

Kwanakin baya wani ɗan'uwa daga Bungudu ya kawo mana wani tsohon agogon aljihu a nan Gusau. Ya ce cikin akwatin marigayi ubansa ya same shi, naɗe a tsumma, yana so ya sani ko yana da sauran amfani. Muka murɗa kansa a hankali, muka kara a kunne, sai ga shi yana bugawa bayan shekaru da yawa yana kwance. Tun daga ran nan sha'awar irin waɗannan agoguna ta kama mu, har muka soma neman su ɗaya ɗaya. Amma ba mu yi nisa ba muka tarar sha'awan nan tana da wata tambaya mai nauyi a bayanta. Ita ce mu ke so mu duba tare da masu karatu a watan nan.

Bari mu fara da dalilin da ya sa suka isa a kula da su. Kakanninmu da rana su ke auna lokaci: hantsi, tsakar rana, la'asar, almuru. Wannan ya ishi manomi da mai fatauci da jaki. Amma sa'anda hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda a 1929, sai ga wani baƙo wanda bai san hantsi ba, minti kaɗai ya sani. Gusau ta bunƙasa da cinikin auduga da gyaɗa, ma'aikacin reluwe da akawun kanti da malamin makaranta suka zama mutanen agogo. Wanda ya tarar da irin wannan agogo cikin kayan kakansa, shaidar zamanin nan ke nan a hannunsa.

Ba don ado kaɗai a ke riƙonsa a dā ba. A shekara ta 1891 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Kipton, cikin jihar Ohayo ta Amurka, mutane suka mutu. An ce agogon ɗaya daga cikin direbobin ne ya tsaya na minti huɗu. Bayan wannan aka sa wani mai sana'ar agogo, Webb Ball, ya riƙa duba agogunan ma'aikata, aka kuma kafa doka cewa agogon ma'aikacin jirgi kada ya yi gaba ko baya fiye da daƙiƙa 30 cikin mako guda. Kamfanoni irin su Waltham da Elgin da Hamilton suka yi suna wajen ƙera irinsu. A Suwizalan kuwa, a 1867, Roskopf ya fitar da mai araha domin lebura ma ya iya saye.

Agogon nan ba shi da batir. Ƙarfin yatsun mai shi ne a ke ajiyewa cikin sifirin da ke naɗe a cikinsa, shi kuwa yana sakin ƙarfin kaɗan kaɗan ta kan ƙananan faifai masu haƙora. Yawancinsu suna bugawa sau 5 cikin daƙiƙa, watau sau 18,000 cikin awa, sau 432,000 cikin yini da kwana. 'Yan jajayen duwatsun da ke ciki, 7 ko 15 ko 17, an sa su ne domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Yawancinsu ƙirar mutum ne, ba dukiya ba ce. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai batir irin na yanzu a 1969, kasuwar masu sifirin ta soma faɗuwa. Domin haka masu gyaran da suka san cikinsa sun yi ƙaranci.

Wanda ya ke so ya fara, ga kaɗan daga abin da muka koya. A murɗa shi sau ɗaya kowace safiya, in an ji ya yi tauri a tsaya. Kada a yawaita buɗe bayansa, gama ƙurar hunturu in ta gamu da tsohon mai sai ta zama kamar yashi tana cin ƙarfe. A tsare shi daga laimar damina, a nisanta shi da rediyo da waya saboda maganaɗisu. Kada a ɗiga masa man keke ko kananzir. Wanda lambobinsa ke haske da dare, in tsoho ne ƙwarai, kada a kankare fentin, gama na dā da guba mai suna radiyam a ke haɗa shi. Wanda ya daɗe a kwance kuma, a kai shi wurin gwani a wanke kafin a sa shi aiki.

To, ga tambayar. A hannun wa mu ke sayen agogunan nan, me kuwa ya sa ya ke sayarwa? Kowa ya san halin da ƙasarmu ta Zamfara ta shiga cikin shekarun nan. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasar Tsafe da ta Bungudu, mutane sun bar gona da rumbu sun shigo gari da abin da hannu ya iya ɗauka. A ce wata gwauruwa daga cikinsu ta kwance bakin zanenta, ta fito da agogon surukinta, ta ce a taya. Ita ba ta san ko na naira dubu biyu ne ko na dubu ɗari ba. Mu mun sani, gama mun buɗe mun ga sunan maƙerin. 'Ya'yanta kuwa ba su karya kumallo ba. Nawa za mu taya?

Wani zai ce, "Ai ciniki ciniki ne. Na taya, da ba ta yarda ba sai ta ce albarka. Ban yi ƙarya ba, ban ƙwace ba. In ban saya ba wani zai saya da abin da bai kai nawa ba." Maganan nan tana da kamannin gaskiya, mu ma mun taɓa faɗa wa kanmu ita. Amma mu duba. Abu biyu ke sa ciniki ya zama na adalci: mai kaya ya san abin da ya ke sayarwa, ya kuma iya ƙi. Matan nan ba ta da ko ɗaya. Rashin sani ya rufe mata ido, yunwa ta hana ta cewa albarka. Tsofaffinmu sun san zafin kai gyaɗa kan sikelin da mai saye kaɗai ya iya karantawa. A cinikin nan saninmu shi ne sikelin. In muka yi shiru muka biya kaɗan, mun tauye awo ko da bakinmu bai furta ƙarya ba. Mutane su kan ce faɗuwar wani tashin wani, amma wanda ya tashi a kan faɗuwar maƙwabcinsa ganima ya ci, ko da ya kira ta sha'awa.

Ashe sai mu ƙi saye ke nan? Wannan ma ba taimako ba ne, gama kuɗi ta ke bukata yau, tausayin baki kuwa ba ya cika tukunya. Abin da muka ga ya dace shi ne mu faɗa mata gaskiyar darajarsa gwargwadon saninmu. In mai tsada ne mu ce haka, mu biya, ko mu nuna mata wanda zai iya biya. In na araha ne, kamar yadda da yawa su ke, mu faɗa mata kada ta sa rai a banza. In ranta yana kansa, mu karɓe shi jingina a gaban shaidu, da takarda, domin ran da ƙura ta lafa ɗanta ya zo ya fansa. Mu tambayi sunan mai shi na fari da aikin da ya yi, mu rubuta mu ajiye tare da agogon. Wanda kuwa ya kasa faɗin inda ya samo nasa, mu bar masa abinsa, gama masu tashin ƙauye ba shanu kaɗai su ke kwashewa ba.

Mu kuma tambayi kanmu ko nawa ne suka ishe mu. Agogon sifirin yana bukatar hannun mutum kowace rana. In an manta da shi kwana biyu sai ya tsaya. Wanda ya tara hamsin ya kulle a akwati, ya mai da su yadda ya same su, matattu cikin tsumma. Uku ko huɗu waɗanda a ke murɗawa, a ke gyarawa, a ke nuna wa yara cikinsu, sun fi su. Agogunan nan sun riga mu zuwa duniya, in mun kula da su za su kuma wuce mu. Riƙo ne aka ba mu na ɗan lokaci, mai riƙon amana kuwa ba ya fara aikinsa da cutar wanda ya miƙa masa.

Na ɗan'uwan nan na Bungudu, mun so shi ƙwarai, da mun taya kuwa da ya sallama. Muka kai aka wanke, aka sa masa sabon gilashi, muka mayar masa. Ya aiko mana cewa kowace safiya babban ɗansa ne ke murɗa shi kafin ya tafi makaranta.

Ya 'yan'uwa, wanda a cikinmu ya ke da irin wannan agogo a gida, bari ya fito da shi ya tambayi tsofaffi labarinsa tun suna da rai. Wanda kuma aka miƙo masa na wani a kasuwa, bari ya dubi fuskar mai sayarwa tukuna, sa'an nan ya dubi fuskar agogon.