Rufin Asiri a Zamanin Wayar Hannu

A garin Giade, kamar garuruwan masarautar Katagum, baƙo yakan tsaya a zaure, ya yi sallama, ya jira a amsa masa. Abin da ke bayan danga na mutanen gida ne: ciwo, bashi, saɓanin miji da mata. Shi ya sa addu'ar "Allah ya rufa asiri" take da nauyi a bakin mutane. Yau kuwa kusan kowane gida ya sami wata ƙofa wadda ba ta da zaure, wato wayar hannu.

Wayar GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. A 2011 aka fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, a Disamba 2020 kuma gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. An yi waɗannan ne domin tsaro da hana zamba. Amma sakamakonsu shi ne, sunan manomin Giade da fuskarsa da shige da ficen kuɗinsa suna ajiye a kwamfutocin da bai taɓa gani ba. Waɗansu kamfanonin ba da rance ta waya sun nuna haɗarin wannan a fili. Sukan kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, in ya makara da biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Abin ya kai ga hukumar kare masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas a 2022. A Yuni 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a.

Doka tana iya tsawata wa kamfani, amma yawancin asirin da ke tonuwa a gari ba kamfani ne ke tona shi ba. A 2007 wani bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya fita a Kano, ya bi daga waya zuwa waya har ya game Arewa. Mutane da yawa sun la'anci abin da suka gani, kaɗan ne suka tambayi kansu dalilin da ya sa suka kalla, suka kuma miƙa wa na kusa. Wannan hali bai ƙare ba. Tsohuwar da ke ba jikanta waya ya karanta mata saƙo, da wanda ya bar wayarsa wurin mai caji ko mai gyara a Azare, da wanda ya faɗa wa mai POS lambarsa ta sirri, duk amana suka ba da.

A nan ne tambayar take: idan abu gaskiya ne, mene ne laifin yaɗa shi? Littafi Mai Tsarki yana nuna cewa kasancewar abu gaskiya bai ba kowa ikon baza shi ba. A Farawa sura 9, Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara. Ham bai yi ƙarya ba sa'ad da ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun duba ba, su ne kuma suka sami albarka. Haka Yusufu, da ya ga Maryamu da ciki, ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye domin kada ya kunyata ta, Matiyu kuwa ya kira shi adali. Allah kaɗai ya san kome game da mutum, shi kaɗai ne kuma yake da jinƙan da zai iya ɗaukar wannan sani. Taron jama'a yakan ga kuskuren minti ɗaya, ba ya ganin tuban da ya biyo baya, intanet kuwa ba ta mantuwa.

Wani zai ce ai rufin asiri yakan zama mafakar mugu. Gaskiya ne, an sha ɓoye cin zarafin yara da dukan mata da sunan kare mutuncin gida, wannan kuwa zalunci ne. Wanda ake cuta yana da haƙƙi ya yi ƙara, wanda ya sani kuma wajibi ne ya faɗa. Sai dai akwai bambanci tsakanin kai magana wurin wanda zai iya gyara, kamar iyaye, dattawan ikkilisiya ko hukuma, da jefa ta a dandalin WhatsApp inda kowa ɗan kallo ne. Tsarin Matiyu sura 18 yana farawa da mutum biyu su kaɗai, yana faɗaɗa ne gwargwadon bukata.

Wannan ya shafi masu bi kai tsaye. Sau da yawa akan tura hoton majiyyaci a gadon asibiti, ko labarin auren da ke tangal-tangal, zuwa dandalin zumunta da sunan roƙon addu'a, alhali ba a nemi izinin mai abin ba. Addu'a ba ta bukatar hoto. Ya kamata iyaye su koya wa 'ya'yansu su nemi izini kafin su ɗauki hoton wani, su kuma yi wa wayar wani irin sallamar da ake yi a zaure. Su ma iyayen su tuna cewa hoton yaro da suka sa a Facebook yau zai iya binsa har girmansa. Magana zarar bunu ce. Kafin mai bi ya tura saƙo gaba, sai ya tambayi kansa ko zai iya faɗin abin a gaban mai shi. In ba zai iya ba, saƙon ya tsaya a hannunsa.