BAZARA TA KAMA: A WANE ƊAKI KUKA AJIYE MARA LAFIYARKU?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, duk shekara idan watan Maris ya raba tsakiya, zafi ya fara dukan Kankia da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye, akwai maganar da take yawaita a zaurukan malamai: "Malam, mutanen wane sun dawo." Saurayin da ya yi damina da kaka lafiya lau, yana zuwa gona yana zuwa jam'i, sai a wayi gari ya daina barci, yana surutai, yana neman duka. Matar da ta samu sauƙi bayan haihuwa sai kuka ya dawo mata ba dalili.

Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, ruƙiyya kuma sunna ce. Amma ina so mu tsaya mu yi tambaya: wane irin aljani ne wannan da yake duba kalanda, ba ya tashi sai Afrilu, in ruwan farko ya sauka kuma ya lafa?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin cewa zafi yana taɓa hankali. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Fuƙaha'u ba su tsaya kan fushi kaɗai ba, suka yi ƙiyasi suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi da tsananin zafi ko sanyi, domin illar ɗaya ce, tunani ba ya zama daidai. To jama'a, alƙali ne fa, mai ilimi, mai cikakken hankali, aka ce zafi yana iya karkatar da tunaninsa. Ina ga wanda dama ƙwaƙwalwarsa tana da rauni? Haka nan Annabi (SAW) ya yi umarni a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi. Sallar farilla aka matsar saboda jikin ɗan Adam. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya haɗa maganar iska da ruwa da wurin zama da maganar baƙin ciki da tsoro da waswasi a littafi ɗaya, saboda a wurinsa jiki da rai ba sa rabuwa wajen magani.

Abin da malamai suka gane da fahimta, yau likitoci sun ƙidaya shi. A shekarar 2022 an fitar da wani bincike a Amurka wanda ya duba zuwan mutane sashen gaggawa na asibitoci daga 2010 zuwa 2019, aka ga cewa a ranakun da zafi ya fi tsananta, masu zuwa da matsalar ƙwaƙwalwa suna ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100. A yammacin Kanada, lokacin zafin da ya kashe mutum sama da 600 a shekarar 2021, masu ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi da ganin abin da babu su ne kusan kashi 8 cikin 100 na waɗanda suka mutu, alhali a cikin jama'a ba su wuce kashi 1 ba. Waɗannan ƙasashe ne masu wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Mu nan a Afrilu ma'auni yana haura digiri 40, rufinmu kwano ne, wuta kuwa kun san labarinta. Kuma ba mu manta da Ramadanan 2024 ba, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ƙidaya gawa 102 cikin kwana huɗun farko na Afrilu.

Yaya zafin yake yi? Farko yana cinye barci, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali ya san rashin barci ne ƙofar tashin ciwon. Dare uku ba runtsawa, ko mai lafiya sai ya fara magana shi kaɗai. Sai ƙishirwa, domin mara lafiyar sau da yawa ba zai ce a ba shi ruwa ba. Na uku shi ne wanda iyalai da yawa ba su sani ba: wasu magungunan da ake ba su, irin su Largactil da Artane, suna rage zufa, suna hana jiki sanyaya kansa yadda ya saba. Wato mai shan su ya fi ka jin jiki a ɗakin da kuke zaune tare. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya ce Malam ya ce a daina magani. Dainawa ba da izinin likita ba ita ce take mayar da mutum bola. Abin da nake cewa, mai shan maganin nan yana buƙatar inuwa da ruwa fiye da kowa a gidan.

Sai maganar iska. Hazon da yake rufe mu da hunturu, mafi yawansa ƙura ce daga Bodele a ƙasar Chadi, wannan daga Allah ne. Amma hayaƙin janareta a bakin taga, da ƙona leda da taya a bola, da girkin itace a rufaffen ɗaki, wannan hannunmu ne. Masu bincike a birnin Landan sun bibiyi majinyata kusan 14,000 a wani nazari da ya fito a 2021, suka ga waɗanda ke zaune inda hayaƙin motoci ya fi yawa sun fi yawan kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa. Kai mai shago da ka juya bututun janaretarka zuwa tagar maƙwabci, Shari'a ta haramta cutarwa, kuma ba sai ka ga jini ne cuta take zama cuta ba.

Yanzu ku dubi abin da muke yi. Ciwo ya tashi saboda zafi da rashin barci, mu kuma sai mu ɗauke shi mu kai ɗakin da ya fi kowanne muni a gidan, can baya kusa da madafa, rufin kwano, taga a toshe don kada ya gudu ko maƙwabta su ji, wani lokaci har da mari a ƙafa. Subhanallah! Mun ƙara wa wuta fetur, sannan mu ce aljanin mai taurin kai ne. Jiharmu ta ga ƙarshen wannan hanya a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina, duniya ta ga halin da mutane suke ciki. Musulmin da suka gina asibitin Argun a birnin Halab a shekarar 1354 sun yi wa masu taɓin hankali tsakar gida mai inuwa da ruwa yana gudana. Mu shekara ɗari shida da ɗoriya bayansu, kwano da sarƙa.

Wannan bawan Allah da aka ɗauke wa alƙalami, kai ba a ɗauke maka ba. Za a tambaye ka shi. Ka ba shi ɗakin da ya fi sanyi, in akwai na ƙasa mai azara shi ya fi. Da rana a shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi, wani ya zauna kusa. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, a jiƙa masa zane, a sa shi wanka kafin kwanciya. Idan Ramadan ko azumin nafila ya zo, likita ya ce kada ya yi, to kada ya yi, rangwamen Allah ne ba raunin imani ba.

Idan ya kwana biyu ba barci, kada ku jira sai ya fasa kan wani. Ku yi masa addu'a da ruƙiyya a hanya, ku nufi Babban Asibitin Kankia a duba shi, in ta kama a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi rau, fatarsa a bushe ba zufa, yana ruɗewa fiye da yadda kuka saba gani, wannan ba lokacin neman mai rubutun sha ba ne. Ku kwarara masa ruwa, ku yi masa fifita, ku nemi mota a take.

Mu limamai kuma, iyalai wurinmu suke fara zuwa kafin likita. Bayan mun yi tofi, mu tambaya: yana barci? Yana shan maganinsa? Ina yake kwana?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya kawo mana damina mai albarka. Wallahu a'alam.