In Masu Ceton Talaka Suka Saɓa, Wa Ke Da Gaskiya?

Jama'a, tambayar nan ta daɗe tana damunmu. Ku dubi Rasha. A 1917 aka tuɓe Sarki Nikolas, kafin shekara ta fita su Lenin suka karɓe mulki da sunan ma'aikata. Da Lenin ya mutu a 1924, sai Stalin da Trotsky suka sa zare, kowa na cewa shi ne magajin gaskiya. Aka kori Trotsky daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940.

To, mu ma nan mun ɗanɗana. A 1979 Balarabe Musa ya zama gwamnan Kaduna a PRP, jam'iyyar talakawa. Ba a jima ba ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. 'Yan NPN, masu rinjaye a majalisa, suka hana shi naɗa kwamishinoni, suka tsige shi a Yunin 1981.

Mu dai ba mu cewa duk mai saɓawa mayaudari ne, don wani saɓanin amana ce. Amma fa masaƙin Kakuri, wanda don irinsa aka ce ana faɗan, wane ɓangare ya ƙetare gada ya tambaye shi abin da yake so?