Kwanon Kanwa

A Gummi an yi wani Alhaji dillalin shanu da gyambon ciki ya sa gaba shekara da shekaru. Shi kuwa kullum ya taso daga kara sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki, ciki wayam. Da amai ya fara zuwa da jini aka kai shi wani asibiti a Sakkwato, aka zura masa siririn bututu mai fitila da kyamara ta baki, ya ratsa tumbi har farkon hanji.

Alhaji na cikin magagin allura likita ya ja uwargida gefe. Ya ce ba kasafai ba, amma bututun kan huda inda gyambo ya cinye. In ciwo ya yi ta ƙaruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko ciki ya ƙage, kada a ba shi ko ruwa, a dawo da shi.

Da la'asar Alhaji na zaure yana ba 'yan dubiya labarin yadda ya haɗiye tiyo bai ko ƙifta ba. Bayan isha'i labari ya sauya, sai nishi. Wansa da ya zo daga Bukkuyum ya ce iskar da aka hura masa ce, a jiƙa jar kanwa. Uwargida ta faɗi abin da likita ya ce. Wan ya ce su da kanwa aka rene su.

Wan miji ba a yi masa musu. Ta jiƙa, ta ɗauko. Ta taɓa cikin Alhaji, ta ji shi kamar allo, jiki rau, ciwon har kafaɗa. Ta koma bakin ƙofa da kwano a hannu, ta daɗe tsaye. Sai ga matar da ta shekara talatin ba ta ɓarar da ko ludayin kunu ba ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

"Ayya, Yaya, ita ke nan ta rage," in ji ta.

Hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Alhaji ya kwana roƙon ruwa, ita kuwa sai dai ta jiƙa tsumma ta shafa masa a leɓe. Ana sallame asuba mota ta tashi.

Hoto ya nuna iska a ƙarƙashin haƙarƙari, inda ba muhallinta ba. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka sa roba ta hanci tana zuƙe ruwan tumbi, aka shiga tiyata. Hujin bai fi ƙwayar wake ba. Aka ɗinke, aka wanke ciki. Likita ya tambayi me ya ci tun jiya. Ta ce ba komai. Ya ce shi ya sa ɓarnar ta zo da sauƙi.

Ranar da Alhaji ya dawo gida, wan ya shaida wa 'yan barka cewa da kanwar nan ba ta zube ba, da wuƙa ba ta taɓa ƙaninsa ba.

"Haka ne, Yaya," in ji uwargida. Ta shiga madafa, ta ɓanto kanwa daga curin da ke bayan tulu, ta jefa a miyar kuka.