MUSULUNCI, IMANI DA IHSANI: NASIHA GA MUTANEN DAMRI DA MU DUKA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a cikin watan Mayu na 2022 'yan bindiga suka faɗa wa Damri da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Bakura, suka kashe mutane fiye da 40. Abin da ya fi ciwo shi ne, galibin masu irin wannan ta'asa a ƙasar Zamfara sunayen Musulmi gare su, an yanka musu ragon suna, in an tambaye su kuma za su kawo kalmar shahada. Wannan shi ya sa ya wajaba mu koma tushe, mu tambayi kanmu ko mene ne Musulunci.

A shekara ta 610 wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah (S.A.W.) a kogon Hira, kusa da Makka. Larabawan wannan zamani suna bautar gumaka, suna kai wa juna hari su kore raƙuma, jinin mutum guda kuwa yakan jawo yaƙin shekaru. A Madina ma ƙabilun Ausu da Hazraju sun daɗe suna karkashe juna kafin Hijira ta 622. Cikin irin wannan jama'a addini ya sauka, ya mai da maƙiya 'yan'uwa. A Hajjin Ban Kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi ya tsaya gaban dubban mutane ya bayyana musu cewa jininsu da dukiyarsu da mutuncinsu haramun ne a tsakaninsu.

Hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Sayyadina Umaru ya ruwaito, ya kasa addini hawa uku. Na farko shi ne Musulunci, watau kalmar shahada, da salla, da zakka, da azumin watan Ramalan, da Hajji ga wanda ya sami iko. Na biyu Imani, watau gaskatawa da Allah, da mala'ikunSa, da littattafanSa, da manzanninSa, da Ranar Lahira, da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Na uku Ihsani, shi ne bawa ya bauta wa Allah kamar yana ganinSa, yana mai sakankancewa Allah na ganinsa. To, wanda ya gaskata da Ranar Lahira, ya san akwai tsayuwa gaban Ubangiji, da wace zuciya zai harbi manomi a gonarsa? Hadisi ya tabbatar da cewa shari'ar jini ita za a fara yi tsakanin mutane ranar alƙiyama. Wannan hisabi kuwa ba mai riƙe da bindiga kaɗai zai hau ba. Mai kai musu labarin gari, da mai sayen shanun da ya san na sata ne, da mai kai musu mai da abinci don riba, kowa na da kasonsa.

Ƙasar nan ta taɓa ganin malamin da ya yi maganin irin wannan jahilci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya yi kamar shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya kuma zauna a Faru, cikin ƙasar Maradun ta yau. Da tauhidi ya fara, da tsarki, da salla, yana karantar da maza da mata da harshen da suke ji. Da ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami wajen 1788, ya ƙi karɓar kyautar dukiya, ya roƙi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ga darasi nan ga malamanmu da masu mulkinmu.

Jihar Zamfara ita ta fara shelar aiki da shari'ar Musulunci a 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Amma alƙali ba ya shiga zuciyar mutum, karantarwa ita ke shiga. Yaron da ya tashi a daji bayan shanu, ba wanda ya taɓa biya masa Fatiha ko ya nuna masa alwala, haƙƙinsa yana wuyan wa? Haka kuma zakka. Manomin da ya sami nisabi, watau sa'i 300 na hatsi, ɗaya cikin goma zai fitar idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan da inji ko wahalar ɗiban ruwa ya shayar. Da masu gero da dawa da shinkafa, daga Bakalori har Talata Mafara, suna fitarwa yadda Allah Ya ce, da marayu da gwaurayen Damri sun sami abin rufin asiri.

Ku kuwa da aka kashe muku 'yan'uwa, haƙuri da ƙaddara ba ya hana neman haƙƙi wurin hukuma, amma bai halatta a rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai ƙabilarsu ɗaya da azzalumi. Alƙur'ani ya karantar da mu cewa ba mai ɗaukar laifin wani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya shiryi masu shiryuwa, Ya isar mana ga waɗanda suka ƙi, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.